Aji Ɗaya: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Jama'a, a cikin shekaru shida na firamare babu wadda ta kai ta farko muhimmanci. A aji ɗaya ne yaro ke koyon riƙe fensir, da gane baƙi da wasali, da ƙidaya. Wanda ya wuce bai iya waɗannan ba, sai a yi ta ciyar da shi gaba kowace shekara, har ya gama aji shida yana kwafar abin da malam ya rubuta a allo, bai san abin da ya kwafa ba.

Yaushe Ake Sa Yaro?

Shekara shida ita ce ƙa'ida. Lokacin da aka soma shirin ilimin firamare ga kowa (UPE) a 1976, ƙauyuka da yawa ba su da takardar haihuwa, sai a ce wa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya ɓangaren. In ya taɓo, ya isa shiga. Yanzu Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na ba da takardar haihuwa, don haka kowane uba ya nemo wa ɗansa. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 kuwa ta wajabta karatun shekara tara kyauta: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar ba ta ware mace ba, kuma ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa.

Me Ake Koyo?

Karatu hawa-hawa ne, kuma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A makarantar allo ma ba a fara wa ƙolo da sura mai tsawo. Sai ya san babbaƙu, sannan farfaru. Haka boko yake. Yaro zai san wasula biyar: a, e, i, o, u. Zai san baƙaƙe, har da masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Daga nan sai haɗi: ba, be, bi, bo, bu. Ranar da ya haɗa "ba" da "ki" ya ce "baki" da kansa, ya kama hanya. Hausa tana da sauƙi ta wannan wajen, domin kusan yadda ake faɗin kalma haka ake rubuta ta. Yaron da ya iya karatu da harshen da ya tashi da shi ya fi saurin kama na Turanci daga baya.

A lura, rera "A, B, C" da ka ba karatu ba ne. Gwajin gaskiya shi ne a rubuta masa kalmar da bai taɓa gani ba, a ce ya karanta.

Aikin Iyaye

1. A ba yaro karin kumallo kafin ya fita. Mai jin yunwa ba ya jin malam.
2. Ya je kullum, kuma da wuri. Kada a tsare shi don talla, ko kiwo, ko ranar kasuwa.
3. A saya masa littafin rubutu da fensir, a riƙa duba littafin da yamma. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana iya cewa, "Nuna mini abin da kuka yi yau."
4. A sa shi ƙirga abin da ke cikin gida: kaji, kwanuka, ƙwayar gyaɗa.
5. In yana matse ido wajen kallon allo, ko sai an maimaita masa magana, a kai shi asibiti. Sau da yawa wanda ake kira daƙiƙi gani ne ko ji ya yi masa ƙaranci.
6. Kada a doke shi don ya kasa. Tsoro ba ya buɗe kai.

Aikin Makaranta

Kuskure ne babba a miƙa aji ɗaya ga malamin da aka rasa inda za a sa shi. Malami mafi ƙwarewa da haƙuri shi ya dace da wannan aji. Hedimasta da kwamitin iyaye da malamai su tabbata haka aka yi, kuma in yara sun yi wa malami ɗaya yawa, su kai kuka ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka, ya ku iyaye, kada ku jira sakamakon ƙarshen shekara. Ku je makarantar da ƙafarku, ku san malamin ɗanku, ku tambaye shi inda yaron ya kai. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, amin.