Yadda Ake Ceto Giyar Otomatik Idan Ta Fara Gardama a Hanyar Affala

Ko ɗan'uwa ne ya aiko da kuɗi daga ci-rani, ko kai ka tara guminka, ga ka da Toyota Sienna ta hannu mai kwashe iyali duka. Ran nan cikin zafin Afrilu kun taso daga Affala za ku biki Tawa, mota maƙil. Ka ba ta wuta, inji na ta ƙugi, ita kuwa sai jan ciki take. Ko ka sa D ta yi jim, sannan ta zabura. Akwatin giya ne ke kuka, wanda makanikanmu ke ce wa bwat. Babban makashinsa zafi ne, a Adar kuwa rana da yashi da lodi sun haɗa masa kai. Ga abin yi.

1. Tsaya nan take. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Duk mitar da ka ƙara giya na sulɓewa, fayafayan cikinta ne ke ƙonewa. Nemi inuwa, ka ba ta kamar rabin awa ta huce, ka leƙa ƙasa ko jan mai na ɗiga.

2. Auna man giya. A wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka tada inji. Taka birki, ka bi da sandar giya daga P har L, ka mayar P. Inji na aiki, zare sandar awon man giya, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. In mota ta yi tafiya, mai ya kai tsakanin alamomin da aka rubuta HOT. A Honda Odyssey kuwa sai an kashe inji ake awon. Sienna ta 2011 zuwa sama ba ta da sandar, sai a gareji.

3. Karanta man. Ɗiga shi a farin ƙyalle. Ja garau kamar zoɓo, lafiya lau. Ya yi duhu kamar shayin farko amma ba ƙauri, ya tsufa ne. Baƙi mai ƙaurin tuwon da ya kama tukunya, da ƴan ɓurɓushi masu ƙyalli, ɓarna ta riga ta shiga. In ya koma kamar zoɓon da aka zuba wa madara, ruwan lagireto ne ya shiga, domin bututun sanyaya man giya ta cikinsa yake bi. A nan kada ka sake tada inji.

4. Ƙara irin nata kawai. In mai ya ragu, zuba kaɗan kaɗan kana awo, don yawansa ma kumfa yake sa wa. Sienna ta 2004 zuwa 2006 T-IV take sha, ta 2011 zuwa sama WS, Odyssey ta kafin 2018 kuma DW-1. Duba kan sandar ko littafin mota. Kada mai shago ya ce maka jan mai duk ɗaya ne, man inji kuwa ko kusa.

5. Kada a ja ta da igiya. Famfon man giya da inji yake aiki. In aka ja mota inji a kashe, tayoyin gaba na juyawa, ƙarfe ne zai yi ta cin ƙarfe har Tawa. A ɗora ta a babbar mota, ko a ɗaga gabanta idan tayoyin gaba kaɗai ke jan ta. Turi ma ba ya tada otomatik, kada ka wahalar da samarin gari.

6. Kwamfuta kafin sukudireba. A Tawa nemi garejin da ke da na'urar bincike. Motocin Amurka tun daga 1996 suna da mahaɗarta a ƙarƙashin sitiyari. Ka rubuta lambar da ta fito. P0715 ko P0720 na nuni ga na'urar auna gudu, P0750 kuma solenoyid. Sau da yawa motar da ta maƙale a giya ta uku kwamfutarta ce ke kare ta, alhali waya ce ta tsinke. Wanda ya ce a sauke bwat tun bai duba komai ba, ka ce masa: "Maigida, bari in yi shawara."

7. Fara da ƙaramin gyara. A kwance kaskon ƙarƙashin bwat a gabanka. Baƙar ƙura mai laushi a jikin maganaɗisun da ke cikin kaskon ba komai ba ce, gutsattsarin ƙarfe ne abin tsoro. A sauya mataci, a zuba sabon mai. Lita 3 zuwa 4 ke fita a irin wannan juye. Kada a wanke tsohuwar giya da matsin inji, dattin da ya kwanta zai tashi ya toshe hanyoyi.

8. In sauyi ya zama dole. Ana samun bwat na hannu a Tawa, ko a sa a kawo daga Sakkwato ta Ƙonni, ko daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Lambarsa ta dace da ta motarka, kuma na mai jan taya huɗu daban yake. Ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a gaban shaidu kafin ka cika kuɗi. A wanke bututun sanyaya mai, in ba haka ba dattin tsohon zai kashe sabon.

9. Kiyaye gaba. A yashi sa L ko 2, ka rage iskar taya. In ka kafe, sauko ka tona, ka shimfiɗa kara ko tsohuwar tabarma; kada ka yi ta wasa tsakanin D da R taya na juyawa. Kakkaɓe ƙurar lagireto, ka rage buhunan hatsi idan mutane sun cika.

Malam, duk Jumma'a kafin ka fita, zare sandar nan ka dubi launin mai. Aikin minti biyar ne, kuma galan ɗin mai ya fi bwat araha nesa ba kusa ba.