Darasin Lissafi: Daga Kano Zuwa Maiduguri Ta Sama

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Maiduguri akwai kimanin kilomita 500. A mota kuwa wajen kilomita 560 ne, domin titi sai ya bi ta Wudil da Azare da Fataskum da Damaturu. Jirgi ba ruwansa da kwana, miƙewa yake yi.

Ga yadda ake gano tsawon lokacin tafiya. Sai a raba nisa da gudun abin hawa. Motar da ke cin kilomita 80 a awa ɗaya za ta yi awa 7, ban da tsayawar salla da cin abinci. Babban jirgi yana cin kusan kilomita 800 a awa. Ke nan kilomita 500 ba za su kai shi minti 40 ba. In an haɗa da tashi da sauka, wajen awa ɗaya ce.

Amma awa ɗayan nan takan yaudari mutane. Ana son fasinja ya isa filin jirgi tun da sauran awa biyu, saboda awon kaya da bincike. Jirgi ba motar tasha ba ne, ba ya jiran cika. Wanda ya makara yana iya asarar kuɗin tikitinsa.

A tikiti akan rubuta lokaci kamar haka: 14:30. Sai a cire 12. Wato ƙarfe 2 da rabi na rana.

Tambaya: Jirgi zai tashi da 16:00. Ƙarfe nawa ya kamata fasinja ya isa fili?