Matakan Gano Kuskuren Fassara Adireshi a Zuciyar Manhajar Ƙaramar Na'ura

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke rubuta zuciyar manhaja a kan Raspberry Pi 2 zai wayi gari ya kunna MMU, na'ura ta yi tsit. MMU ce ke mayar da adireshin da manhaja ke gani zuwa ainihin adireshin ma'adana. Kada ka fara canza lambobi da ka.

Fara da wuta. Cajar da ba ta ba da cikakken volt 5 takan sa na'ura ta yi ta mutuwa tana tashi, ka ɗora wa aikinka laifin da ba nasa ba. Mai aiki da sola a Tsafe ko Bungudu ya kula da wannan sosai.

Sannan ka haɗa UART don ganin saƙonnin na'urar, ka sa mai tarbar kuskure ya buga rajistocin DFAR da DFSR. Na farko zai nuna adireshin da aka yi tuntuɓe a kansa, na biyu ya faɗi dalili: ko babu fassara, ko babu izini.

Yanzu ɗauki biro ka bi teburin fassarar MMU da hannu. Nan ne aikin yake, kuma a ganina duk wanda ya tsallake shi lalube kawai yake yi a duhu. Karanta TTBR0, rajistar da ke riƙe da tushen babban teburi. Babban teburi yana da gurbi 4096, girmansa 16KB, kuma dole ya fara a adireshin da 16KB ke rabawa daidai. Ɗauki bit 12 na saman adireshin da DFAR ya nuna, ninka da 4, ƙara a kan tushen teburin. Duba bit biyu na ƙasan abin da ka tarar: 00 babu fassara, 10 yanki ne mai 1MB, 01 kuwa yana tura ka ƙaramin teburi. Kwatanta sakamakonka da wanda umarnin ATS1CPR ya ajiye a rajistar PAR.

Idan teburi lafiya lau, zargi TLB, wato ma'ajiyar fassarorin MMU, domin tana riƙe tsohuwar fassara. Bayan kowane gyara, share ta, ka bi da umarnin DSB da ISB. Tabbatar kuma lambar da ke kunna MMU tana da adireshi ɗaya kafin kunnawa da bayanta.

Akwai wani tarko: takardar Broadcom tana rubuta 0x7E000000, alhali furosesan Pi 2 yana ganin na'urorin gefe a 0x3F000000. Yi wa yankin alamar ma'adanar na'ura, ba ta yau da kullum ba.

QEMU da GDB za su taimaka wajen leƙa teburi, amma QEMU ba ya kwaikwayon kashe, wato ma'ajiyar wucin gadi, don haka gwajin ƙarshe a kan ainihin na'ura za a yi shi.