Ciyar da Yaro Mai Wahalar Haɗiya

Sau da yawa tauna da haɗiya sukan gagari yaro mai shanyewar jiki. Ba ƙiwuya ba ce. Kada a yi masa ɗura, gama abinci yana iya zarcewa huhu ya jawo ciwo mai tsanani.

A zaunar da shi sosai, kansa a ɗan sunkuye. A samo ƙaramin cokalin roba marar zurfi, a naɗe mariƙinsa da ƙyalle domin sauƙin riƙo. Kofin da aka yanke gefen bakinsa yakan ba hanci wuri, yaro ya sha bai ɗaga kai ba. Kunu mai kauri ya fi ruwa sauƙin haɗiya.

In yana yawan tari wajen ci, a gaggauta kai shi asibiti.