Yadda Ake Dawo da Hira a Majalisa

A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, an katse mana layukan waya a Potiskum har zuwa Yuli. Allah kada ya maimaita mana, mun sha tsoro. Amma a kwanakin nan in kana neman mutum, takawa kake yi har ƙofar gidansa ka yi sallama. Yau mu takwas a tabarma ɗaya, kowa ya sunkuya kan TikTok, shayi yana hucewa. Shekara uku ke nan ina fama da majalisarmu, kuma na gaji da masu cewa a kashe waya kawai. Ba a garin nan ba.

A tsayar da lokaci: daga idar da Isha'i har a sha shayi na uku. A ajiye faifai a tsakiyar tabarma, kowa ya kifa wayarsa a kai. Wannan ba wuya.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai fara ajiye tasa. Ni da ƙaramin cikinmu na fara, na ce ya miƙo wayarsa a gaban mutane. Sati biyu bai sake zuwa ba, kuma yana da gaskiya, kunyata shi na yi. Babba ne ke farawa. Ka same shi shi kaɗai tun da rana, ka ce, "Baba, in kun ajiye taku, ba wanda zai riƙe tasa." In dare ya yi ya kifa wayarsa a faifai bai ce uffan ba, sauran za su bi. Kada a yi wa'azi a kai. Wanda ya ƙi a ƙyale shi, kwana uku ya ishe shi jin nauyi.

Data ake kashewa, ba waya ba. Garinmu garin direbobin tirela ne da fataken shanu. Wani ɗansa yana hanyar Legas da kaya, wani matarsa ta kusa haihuwa, ba mai hankalin da zai ce su rufe layi. A bar ƙarar kira, in ta yi mai ita ya koma gefe ya amsa ya dawo. Ranar Laraba ta kasuwar shanu ba ma sa dokar ma, dillalai ba za su iya ba. Ni dai ƙaramar itel mai tocila nake fitowa da ita, babbar tana gida a caji. 

Shirun farko yana da nauyi, don haka ka zo da tambaya a bakinka, ka ambaci sunan mutum: yaya jikin Inna, nawa aka sayar da gero yau. Babban abin da zan ja kunnenka a kai shi ne mai cewa "bari in nuna muku wani bidiyo". Da shi ɗaya faifai ke watsewa. Ku ce ya ba da labarin da bakinsa, in ya ɗauki wayar kuwa sukarin gobe a kansa.

Ɗan'uwa, ka nemi babban majalisarku yau kafin Magariba.