Amsoshin Tambayoyinku: Waye Stefan Zweig?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana son bayani kan marubuci Stefan Zweig da littafin tarihin rayuwarsa.

To malam, Zweig Bayahude ne, haifaffen Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1881. Littafin, da Jamusanci ya rubuta shi, sunansa na nufin "Duniyar Jiya". A ciki ya tuno Turai kafin yaƙin 1914, zamanin da ya je har Indiya da Amurka ba fasfo, ba mai tare shi a kan iyaka. Yaƙi ya rusa wannan zaman, 'yan Nazi suka ƙona littattafansa, ya bar gida a 1934. Yana gudun hijira ya rubuta littafin, babu takardunsa a hannu, sai abin da ke ka. A Fabrairun 1942 shi da matarsa suka kashe kansu a Petropolis, ƙasar Brazil.

Da fatan mun gamsar da kai.