Yadda Ake Gano Asalin Dutse Da Aisotof

Idan ka bi ta Barnawa ko Sabon Tasha a Kaduna, za ka ga duwatsu ko'ina. Yawancinsu sun kai kusan shekara miliyan 600. Ta yaya aka sani, alhali dutse ba ya da takardar haihuwa?

Amsar tana cikin aisotof, wato ƙwayoyin sinadari iri ɗaya masu nauyi daban-daban. Rubidiyam-87 yana rikiɗewa a hankali ya koma sitirontiyam-87, sai ya yi kusan shekara biliyan 49 kafin rabinsa ya ƙare. Masana sukan niƙa dutsen, su narkar da shi da asid, na'ura ta auna yawan kowanne. Daga nan a lissafa shekarunsa.

Awon yana kuma tona inda dutsen ya fito. Idan aka cire ƙarin da shekaru suka kawo, narkakken dutsen da ya taso daga can ƙarƙashin ɓawon ƙasa yakan nuna sitirontiyam-87 kaɗan, kusan 0.703 idan aka raba shi da sitirontiyam-86. Wanda ya narke daga tsohon ɓawon ƙasa kuwa yakan haura 0.710.

Da wannan hanya aka auna duwatsun Jos, ragowar tsofaffin duwatsu masu aman wuta, aka ga ba su kai shekara miliyan 200 ba. Cikinsu ake samun kuza, irin wadda mai gyaran waya ke liƙe allon wayarka da ita.